Malamin cocin da bai haye babban teku ba: Hakluyt da shigar ƙasar Hausa littafin Ingila

A shekarar 1600 aka buga wani littafi a birnin Landan wanda a cikinsa ne mai karatun Ingilishi ya fara cin karo da sunayen Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir a harshensa. Wanda ya fassara shi wani matashi ne mai suna John Pory, ɗalibin jami'ar Kambirij. Wanda ya sa shi aikin, ya kuma tsaya masa har aka gama, shi ne Richard Hakluyt, malamin coci da ya ƙare rayuwarsa yana tattara labarin ƙasashen da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. A lokacin Muhammadu Zaki ne ke sarautar Kano, daular Borno tana cikin ƙarfin da Mai Idris Alooma ya gina mata, Gumel kuwa da sauran shekara ɗari da hamsin kafin a kafa sarautarta. Babu wanda ya san ana rubuta mu a wani tsibiri mai sanyi, balle ya tambayi da wace niyya ake rubutun.

An haifi Hakluyt wajen 1552. Shi da kansa ya ba da labarin yadda abin ya shige shi. Yana ɗan makaranta a Westminster ya kai ziyara wurin wani ɗan'uwansa lauya, wanda shi ma sunansa Richard Hakluyt, ya tarar da taswirar duniya shimfiɗe a kan tebur. Lauyan ya ɗauki sanda yana nuna masa tekuna da koguna da dauloli, kowace ƙasa yana faɗa masa abin da take da shi da abin da take nema, sannan ya buɗe masa Zabura a inda ake maganar masu shiga teku da jirage. Yaron ya yi wa kansa alkawari a ranar cewa in ya shiga jami'a wannan ilimi zai bi. Ya shiga Oksfod, ya cika alkawari. Abin lura a wannan labari shi ne tsarin darasin: taswira, sai kayan ciniki, sai littafin addini. Haka tunaninsa ya ci gaba da tafiya har ya mutu, kuma haka na ƙasarsa ya tafi bayansa.

Ingila ta wancan zamani ƙaramar ƙasa ce da aka riga aka bari a baya. Tun 1493 Fafaroma Alexander na Shida ya raba sababbin ƙasashen da aka gano tsakanin Sifen da Fotugal, su biyun kuma suka daidaita layin a tsakaninsu a 1494. Azurfar Meziko da Peru tana kwarara zuwa Sifen, zinariyar gaɓar Afirka ta Yamma da kayan yajin Indiya suna hannun Fotugal. Ingila abin da take da shi na sayarwa guda ne babba, wato tufafin ulu, kuma kasuwarsa a Antwerp ta lalace saboda yaƙi. Ko rini ma ba su gwanance ba. Yawancin ulun fari suke fitar da shi, a rina a waje, riba ta tsaya a can. Shi ya sa a 1579 lauyan nan ya rubuta wa wani marini mai suna Morgan Hubblethorne jerin umarni, aka tura shi Farisa ya koyo yadda ake rina launin da ba ya zuba, ya kuma binciko shuni. A wannan lokacin marinan Kano sun daɗe suna tsoma zane a karofi, ana buga shi a bugu har ya yi ƙyalli.

Kiwon tumakin ulun ya haifar musu da wata masifa a gida. Masu ƙasa sun ga ulu ya fi hatsi riba, sai suka riƙa killace gonaki da makiyayar jama'a, suna korar talakawa. Thomas More ya yi kuka da wannan tun 1516 a littafinsa Utopia, inda ya zargi attajirai da mayar da tumaki dodannin da ke cinye mutane da ƙauyukansu. To amma a cikin littafin nan dai, da More ya zo bayanin tsibirin da ya ƙirƙira a matsayin ƙasar adalci, ya ce idan mutanensa suka yi yawa sukan ƙetara zuwa maƙwabta su kafa gari a inda ƙasa take kwance ba a nomawa, in masu ƙasar sun yarda a zauna tare, in sun ƙi a kore su da yaƙi, kuma a wurinsu yaƙin halal ne. Mutumin da ya ji zafin korar manomin Ingila daga gonarsa shi ne ya rubuta hujjar korar wani daga tasa. Wannan hujja ta ƙasar da ba a amfani da ita ta fi duk jiragen Ingila nisan tafiya.

A 1583 aka tura Hakluyt Faris a matsayin malamin cocin ofishin jakadan Ingila, Sir Edward Stafford. Iyakar tafiyarsa ke nan a duniya. Ya yi shekara biyar yana sauraron matuƙan jirgin Faransa da 'yan gudun hijirar Fotugal, yana kuma jin yadda ake yi wa Ingilawa gorin cewa ragwaye ne a harkar teku. Gorin ya ci masa rai ƙwarai. A 1584, bisa roƙon Walter Raleigh, ya rubuta wa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya wata doguwar takardar sirri mai babi 21 kan dalilin da ya sa ya kamata Ingila ta kafa garuruwa a Amurka ta Arewa. Ba a buga takardar ba sai 1877, kusan shekara ɗari uku bayan rubuta ta, don haka a cikinta ake jin muryarsa ba tare da kwalliyar da ake yi wa abin da jama'a za su karanta ba.

Babin farko na yaɗa addinin Kirista ne, kamar yadda ya dace da malamin coci. Daga nan sai ciniki ya karɓe takardar kusan gaba ɗaya. Ya ce kasuwannin Ingila a Turai sun mutu ko sun zama masu haɗari. Ya ce sabuwar ƙasar za ta ba su duk abin da suke saye da tsada daga waje: katako da ƙaro na jirgi, fatu, kifi, man zaitun, inabi, kayan rini. Ya ce mutanen can suna cikin sanyi kuma ba su da tufafi, don haka za su sayi ulu, masaƙa da masu kaɗi na Ingila su sami aiki. Ya ce gidajen yari sun cika da matasa marasa aikin yi, ana rataye su kan ƙaramar sata, gara a kwashe su a kai su can su sare itace su haƙa ma'adinai. Ya ce daga can za a iya tare jiragen azurfar Sarkin Sifen a karya masa ƙarfi. Ya kuma ware babi guda yana rusa kyautar Fafaroma, yana cewa ba shi da ikon ba da abin da ba nasa ba. A wannan ya yi gaskiya, sai dai bai juyo da tambayar kan sarauniyarsa ba.

Mutanen da ke zaune a ƙasashen sun bayyana a takardar ta fuska uku: masu sayen ulu, rayukan da za a shigar addini, da waɗanda Sifaniyawa suka zalunta. Ya kwaso labaran kisan gilla daga littafin Bartolomé de las Casas, malamin cocin Sifen da ya tona asirin mutanensa, ya jera su don ya nuna cewa 'yan ƙasar za su tarbi Ingilawa a matsayin masu ceto. Ina ganin ya yi imani da haka har zuciyarsa, kuma wannan ne ya sa tunanin nasa ya fi na ɗan fashi haɗari. Ɗan fashi ya san abin da yake yi. Hakluyt ya gina tsarin da riba da tausayi da ibada suka zama abu guda, ta yadda mai bin sa ba zai taɓa jin ya yi laifi ba.

Ba a daɗe ba aka gwada. A 1585 mutanen Raleigh suka sauka a tsibirin Roanoke. Cikin 'yan makonni, saboda wani kofin azurfa da ya ɓace, suka ƙone wani ƙauye da hatsinsa. Shekara na zagayowa suka kashe sarkin yankin, Wingina. Thomas Harriot, masanin lissafin da ke cikin tawagar, wanda ya koyi harshen mutanen kuma ya yaba hankalinsu, ya lura cewa duk garin da suka shiga, bayan 'yan kwanaki sai mutane su fara mutuwa da wata cuta da ba su sani ba. Waɗanda aka sauke a 1587 kuwa, maza da mata da yara fiye da ɗari, da aka komo a 1590 ba a tarar da kowa ba. Duk wannan Hakluyt ya buga shi, bai ɓoye ƙona ƙauyen ba. Amma bai sauya ra'ayi ba. A 1609, a gabatarwar wani littafi da ya fassara wa masu kamfanin Birjiniya, ya ba da shawarar a fara bi da 'yan ƙasar ta lalama, in lalama ba ta yi ba, akwai tsofaffin sojojin da suka goge a yaƙin Holan waɗanda za su lanƙwasa su kafin a miƙa su ga masu wa'azi.

Babban aikinsa shi ne Principal Navigations, wanda ya fito a kundi ɗaya a 1589, ya sake fitowa a kundi uku tsakanin 1598 da 1600, da kalmomi fiye da miliyan ɗaya da rabi. Dole a ba shi haƙƙinsa a nan. Ya yarda cewa gani ya kori ji, don haka ya guji tatsuniyoyin masu zama a ɗaki, ya bi matuƙa da 'yan kasuwa yana karɓar littattafan jirgi da wasiƙu da takardun izini, yana buga kowanne da sunan mai shi. Ya taɓa yin tafiyar mil ɗari biyu a kan doki don ya ji labari daga bakin mutum guda da ya rage a raye daga wata tsohuwar tafiya. Ba don shi ba, da yawancin abin da aka sani game da zuwan Ingilawa na farko gaɓar Afirka ya ɓace.

A cikin kundin ne ake samun tafiyar Thomas Wyndham ta 1553 zuwa Binin. Oba, sarkin Binin, ya karɓi 'yan kasuwar a fadarsa, ya yi musu magana da harshen Fotugal, ya tara musu tan tamanin na masoro cikin wata guda, har ya yi tayin ba su bashi su biya in sun dawo. Zazzaɓi ya kashe Wyndham. Cikin mutum wajen 140 da suka tashi, da ƙyar 40 suka koma gida. A cikinsa ne kuma ake samun tafiye-tafiye uku na John Hawkins daga 1562, wanda ya kwashi mutane wajen 300 a gaɓar Saliyo, wasu da takobi, ya kai su tsibiran Amurka ya sayar. A tafiya ta biyu sarauniya da kanta ta ba shi aron jirgi. Hakluyt, wanda ya cika shafuka da la'antar zaluncin Sifaniyawa, ya buga labarin Hawkins a matsayin abin alfaharin ƙasa, bai ƙara kalma ɗaya ta suka ba.

Cikin Afirka ya zo masa ta ƙofar Maroko. A 1591 sojojin Sarki Ahmad al-Mansur ƙarƙashin Judar suka ƙetare Sahara da bindigogi, suka karya rundunar Songhai a Tondibi. A 1594 wani ɗan kasuwar Ingila da ke Marrakesh, Laurence Madoc, ya rubuto wa maigidansa a Landan cewa ya ga alfadarai talatin ɗauke da zinariya sun shigo daga Tambutu da Gawo. Hakluyt ya sa wasiƙar a littafinsa. A shekarar nan ta 1594 aka shigo da Shehu Ahmad Baba da sauran malaman Tambutu Marrakesh a ɗaure, bayan an wawashe littattafansa. Ɗan kasuwar ya ƙirga alfadarai, malamin bai shiga lissafinsa ba. Shi kuwa Ahmad Baba, a 1615, ya amsa tambayar wasu mutanen Tuwat game da bayi, ya ce baƙar fata ba ita ce dalilin bauta ba, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Borno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Fatawar ba ta haramta bauta gaba ɗayanta ba, kuma fatake ba su daina keta ta ba. Duk da haka ya tsaya ya yi tambayar da Hakluyt bai taɓa yi ba a duk kundinsa, wato wane ne wannan mutumin da aka ɗaure, kuma da wace hujja.

Zinariyar Madoc ce ta ƙara wa Landan ƙishirwar sanin abin da ke bayan Sahara, kuma akwai littafi guda da ke da amsa. Marubucinsa Alhasan ɗan Muhammadu al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa, tashin Fas, wanda ya bi kawunsa zuwa Tambutu yana saurayi. A 1518 'yan fashin teku Kiristoci suka kama shi, aka kai shi Rum aka miƙa wa Fafaroma Leo na Goma, aka yi masa baftisma a 1520, aka sa masa sunan Fafaroman. Turawa sun san shi da Leo Africanus. Ya gama littafinsa da Italiyanci a 1526, aka buga a Benis a 1550. Wannan ne Pory ya mayar Ingilishi, mafi yawa daga wata fassarar Latin mai kurakurai, ya kuma yi masa ƙari da nasa bayanan, ciki har da suka mai zafi ga Musulunci. Ya sadaukar da shi ga Sir Robert Cecil, sakataren sarauniya, a daidai lokacin da jakadan Maroko, Abdulwahid ɗan Mas'ud, yake Landan yana neman ƙawance kan Sifen.

Abin da mai karatu ya gani game da mu gajere ne, 'yan shafuka. Kano babbar ƙasa ce mai hatsi da shinkafa da auduga, birninta na da ganuwa, mazaunansa attajiran fatake ne masu wayewa. Gobir ƙasar makiyaya ce da masaƙa da dukawa, takalmansu har Tambutu da Gawo ake kai su. Mutanen Zazzau sun yi arziki da fatauci, a kan duwatsunsu kuma sanyi kan sa a zuba garwashi ƙarƙashin gado, abin da duk wanda ya san gadon ƙasa na tsofaffin ɗakuna zai gane. Katsina an ce ƙauyuka ne na bukkoki, Zamfarawa kuma an yi musu siffa ta wulaƙanci. An ce harshe ɗaya ake yi a waɗannan ƙasashe, ya kira shi harshen Gobir. Sarkin Borno an ce yana da mahaya dubu uku, yana sayen doki ɗaya da bayi goma sha biyar zuwa ashirin, har sarƙar karnukansa ta zinariya ce. An kuma ce Askiya, sarkin Songhai, ya ci Kano bayan doguwar tsarewa, ya ɗora mata harajin sulusin abin da take samu. Tarihin Kano na gida bai san wannan ci ba, kuma masana da dama na shakkar ko Alhasan ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa, ko a Tambutu da Agadas ya ji labari. Ya ce kogin Kwara yamma yake gangarawa, kuskuren da ya zauna a taswirorin Turai har Mungo Park ya tsaya bakin kogin a 1796 ya ga ruwa na tafiya gabas. Kusan shekara ɗari biyu da hamsin, abin da Turai ta sani game da ƙasar Hausa bai wuce waɗannan shafuka ba, masu bayanin zamanin da ya riga ya wuce tun kafin a buga su.

Hakluyt ya mutu a Nuwamban 1616, aka binne shi a Westminster Abbey. Sunansa na cikin takardar izinin kamfanin Birjiniya ta 1606, ya kuma ba kamfanin Indiya ta Gabas shawara tun farkon kafuwarsa. Almajirinsa Pory shi ya haye tekun. Ya zama sakataren mulkin Birjiniya, kuma shi ya shugabanci zaman majalisarta ta farko a Jamestown a ƙarshen Yulin 1619. A watan Agusta na shekarar wani jirgi ya sauke 'yan Afirka ashirin da 'yan kai a gaɓar, aka musanya su da abinci. Mutumin da ya rubuta wa Ingilawa cewa a Kano akwai attajirai masu wayewa yana cikin manyan garin a lokacin da aka fara wannan ciniki a can.

Yankin da ke tsakanin Kano da Borno, inda Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suke a yau, fili ne fari a taswirar Pory. Wajen 1750 Mangawa ƙarƙashin Ɗan Juma suka kafa sarautar da ta zama Gumel, tana bin Borno. Jihadi bai ci ta ba, ta zauna tsakanin Haɗeja da Kano da Damagaram tana kare kanta, wani lokaci ta kai hari, wani lokaci a kawo mata, kuma a duk harin talakan ƙauye ne ake kamawa a sayar. Sai a watan Maris na 1851 ta shiga littafin Ingilishi, lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka a garin a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, a ƙarshen zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Barth Bajamushe ne, amma gwamnatin Ingila ce ta aiko tawagarsu don ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna ta kuma nemi hanyar daƙile cinikin bayi. Ya fi Hakluyt nesa ba kusa ba wajen sanin mutane: yana jin Larabci da Hausa da Barbarci, ya zauna da malamai, ya nemi littattafan tarihinmu ya karanta. Amma tambayoyin da aka aiko shi da su su ne dai na sandar lauya a kan taswira. A Gumel abin da ya fi rubutawa shi ne kanwa. Ya ce garin ne babbar kasuwarta. Barebari sukan kawo ta daga Kukawa da Muniyo su sauke a nan, da wuya su wuce, sai wasu fatake su ɗauka su yi kudu da ita har Nufe. A Kano ya ƙiyasta kuɗin tufafin da ake saƙawa a rina da wuri miliyan 300 a shekara, ya kuma ga akoko da alawayyon Manchesta sun riga shi isa kasuwar ta hanyar Sahara. Da ya sake biyowa ta Gumel a ƙarshen 1854, Ɗan Tanoma ya rasu, rikicin sarauta ya ci garin, ya tarar da shi ya yi baya ƙwarai.

Ingila ba ta manta da malamin cocin nata ba. A 1846 aka kafa ƙungiya da sunansa don buga tsofaffin labaran tafiye-tafiye, kuma a 1896 ta sake buga fassarar Pory a kundi uku, a daidai lokacin da ake rige-rigen raba ƙasashen da littafin ya ambata. Kafin nan, a 1890, Ingila da Faransa sun ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. Firaministan da ya yi wannan yarjejeniya, Lord Salisbury, ya faɗa a bainar jama'a cewa suna ta ba juna duwatsu da koguna ba tare da sun san takamaiman inda suke ba. Sunansa Robert Cecil, kuma daga tsatson wancan Robert Cecil ɗin ya fito, wanda Pory ya sadaukar wa littafin, wanda Hakluyt ma ya sadaukar wa kundi biyu na nasa. An yi ta gyara layin har 1906, aka kafa duwatsun iyaka zuwa 1908. Tumbi, inda sarakunan Gumel suka taɓa zama, ta faɗa ɓangaren Faransa. Maigatari ta wayi gari a bakin iyaka, kuma har yau kowace Alhamis raƙuma da shanu da tumakin da ke cika kasuwarta yawancinsu sai sun ƙetaro wannan layi.

Kano ta faɗi hannun Turawan Ingila a farkon Fabrairun 1903, Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya a shekarar. A Sakkwato Lugard, jagoran Turawan, ya shaida wa manya cewa abin da Fulani suka samu da yaƙi ya koma hannun Turawa da yaƙi, har da ikon ƙasa. Dokar 1910 ta ɗora duk ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, a riƙe ta wai don amfanin 'yan ƙasa, kuma dokar filaye ta 1978 ta gaji wannan tsari ta shimfiɗa shi a Najeriya duka. A ƙasa irin tamu mai jigawa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gonar da aka bari ta zama saura tana hutawa ne don ta sake ba da gero. Dajin da baƙo zai gani ya ce ba kowa, makiyaya ce, burtali ya ratsa ta, mata na samun itace da kuka da aduwa a ciki, wani na tsaga ƙaro. Mai kallo daga taswira ba ya ganin ko ɗaya cikin waɗannan. Da aka ware dubban kadada a yankin Gagarawa don gonar rake ta wani kamfani, manoma suka yi ta ƙorafi, muhawarar ta koma kan wace ƙasa ce ake amfani da ita, wa kuma ke da ikon faɗin haka. Ko da aikin zai kawo alheri, manomin da ya ce a tambaye shi tukuna yana da gaskiya, domin shi ya san abin da saurar take yi masa.

Burin tufafin ma ya biyo Turawa har nan, sai dai ya juye. Masaƙun Lankasha auduga suke nema, kuma da wannan fata aka kawo jirgin ƙasa Kano a 1911. Manoma da fataken Kano suka duba farashi, suka ga masaƙan gida sun fi Bature biyan auduga, gyaɗa kuma ta fi riba, ga shi in farashi ya faɗi ana iya cin ta. Suka shuka gyaɗa. Da aka ja reshen dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, tashar Gagarawa ta zama inda jakuna da raƙuman ƙasar Gumel ke sauke buhuna a gaban sikeli, a loda a tarago zuwa Legas, a matse man a Libaful da Marsai. Kanwa ta ci gaba da bin tsohuwar hanyarta zuwa kudu a bayan jakuna, har manyan motoci suka karɓe ta.